Ba Zan Yi Maka Takaba Ba

Shekarar da motoci suka koma hannun dama Gwadabe direba ya ajiye tumbi kamar randa. Ran nan ya zo zance wurin Zuwaira maƙwabciyata, yana zama benci ya ce ɓaras, sai ga shi ƙafafu sama. Ni kuwa ina leƙe ta zana, na ƙyalƙyale.

Zuwaira ba ta yi dariya ba. Ya kasa tashi, yana haki, ya dafe ƙirji. Nan tawa dariyar ta ɗauke.

"Haka Baba ya dafe ƙirji bara a gona," ta ce. "Kafin a kawo amalanke ya cika."

"Ƙwarnafi ne kawai."

"Shi ma haka ya ce."

Ta dubi kwalin sigarin da ke aljihunsa.

"Malam Gwadabe, likita ya faɗa mana a Birnin Kudu: taba, kitse, gishiri da rashin taka ƙasa. Duka ka haɗa, ko masallaci a mota kake zuwa. In ba za ka daina ba, kada ka turo magabatanka. Na ga Inna cikin takaba, ba zan yi maka ba."

Ya zaro kwalin, ya wurga shi cikin kwata.

"Gobe da ƙafa zan zo. Amma Zuwaira, takaba ai sai matar aure. Ko tambaya ban aiko ba, ke har kin tare, kin binne ni?"