Harshe Tsakanin Haƙora

Sau ashirin wayarta ta furta "thirteenth", sau ashirin harshen budurwar ya ƙi maimaitawa. Gobe ne za ta shiga gwajin masu karanta labaran Turanci a rediyo.

Kakanta, makahon malamin unguwar Shehuri da bai taɓa shiga ajin boko ba, ya ajiye carbi. "Sake kunna min, 'yar nan."

Sau ɗaya ya saurara, ya maimaita kalmar tsaf, kamar Baturiyar da ke furta ta a wayar. Jikar ta juyo ta dube shi.

"Kaka, ina ka koyi Turanci?"

"Ban san ma'anarta ba. Amma harafin Larabcin nan na harshe tsakanin haƙora, ni na sa miki shi a baki, kina shekara biyar, a kan allo."