Mai Dafa Saiwoyin Caina

Ƙaurin tukunya ne ya tashe ta.

Shekara shida ke nan, tun da wata likita a birnin Greensboro ta ce amosanin gaɓɓanta na iya jawo mata shanyewar ɓarin jiki, kullum da safe mijinta ke dafa mata saiwoyin Caina, ya haɗa mata da ƙwayoyin asibiti.

"Hajiya, daure ki shanye," yakan ce. "Ni lafiyata ƙalau, ke ce abin ji."

Shi ko awon jini bai taɓa zuwa ba.

Ta lallaɓa kicin, ta tarar da shi yashe a ƙasa, baki a karkace, yana kallonta. Kafin murɗaɗɗun yatsunta su zaro waya daga aljihunsa, ya daina numfashi.