Aron Gidan Zanzaro

Tun da aka fara fesa wa gero maganin girma, kara ya fi rumbu tsawo, tsutsar da ke cinsa kuma ta yi kaurin yatsa. Zanzaro, mai farautarta ya ciyar da 'ya'yansa, ya ɓace daga garin.

Shi ya sa Jummala ta taka har Tudun Gawo, ta roƙi yayarta gidan zanzaro ɗaya daga bangon ɗakinta, ko gonarta ta tsira.

"Yaya, ni da na sha kankare su da tsintsiya," ta ce.

"Duk mun yi. Riƙe a hankali."

A hanya ta ji motsi cikin ƙoƙon da ta sako gidan a ciki, ta leƙa da murna. Lakar gidan ta fashe. Tsutsa ce ta fito, a ƙoshe da 'ya'yan zanzaro.