Baba Ya Ƙi Faɗin Kalmar Ƙarshe

Kujerar da ke gefen gadon Baba ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, kuma a kanta Marubuci ya kwashe sati bakwai yana jiran mahaifinsa ya faɗi wata magana mai nauyi.

Marubuci suna ne da 'yan gida suka laƙaba masa, ba don girmamawa ba. Shekara tara ya yi a waje. Ya sauya gari shida da aiki goma sha ɗaya, littafi kuwa ɗaya tal, shi ma bai ƙare ba. Labarin wani tsoho ne a gadon mutuwa, da ɗansa mai zurfin tunani wanda ya gano kansa a babi na tara. Babin ƙarshe ne ya gagara, domin bai taɓa ganin mutum yana barin duniya ba. Ko warin asibiti ba ya jurewa. Da ciwon ciki ya kai shi gwaji a can, bai tsaya karɓar sakamako ba. Lambar yayarsa ya rubuta musu, ya kama gabansa.

Sai ga wayar Yaya: “Jikin Baba ya yi tsanani. Ka taho.”

Ya yi kuka a jirgi, kuka na gaske. Amma kafin ya hau, sai da ya sayi sabon littafin rubutu.

Baba tela ne, shekara arba'in a kan keken ɗinki. Yanzu an lulluɓe keken a ɗakin baya, shi kuma an lulluɓe shi a gado.

“Baba, me rayuwa ta koya maka?”

“Kada ka yanka yadi kana jin yunwa.”

“Akwai abin da kake nadama?”

“Akwai. Ga shi nan zaune da biro.”

Sauran 'yan gidan sun fi ba da haɗin kai. Mama kan ajiye wa Marubuci abinci, ta tsaya tana kallonsa har idonta ya cika, shi kuwa ya rubuta: *ta kasa kallon mijinta.* Likita kan zo sau biyu a sati, ya yi minti biyar a kan Baba, sannan ya ɗebi jinin ɗan, wai ko tsohon zai buƙata. Har ƙwayoyin ƙarin jini ya ba shi. Marubuci ya ji kansa jarumi, ya ƙara wa ɗan cikin littafin jijiyoyi a hannu.

Jarumtar dai tana gajiyar da shi. Kullum bayan azahar barci ke kwashe shi, yana ɗora laifin a kan bambancin lokaci, duk da sati bakwai sun wuce. Ya so ya ga ko ya rame, amma madubin ɗakinsa an kai shi gyara. Ya sa wando, ya ji ƙugun cif-cif kamar ranar da ya saya, hankalinsa ya kwanta.

Baba kuwa kumatu yake yi. Kwano biyu yake tayarwa. A zanin gadonsa har da guntayen zare, kamar sana'ar ta ƙi sakinsa.

Ran nan Marubuci ya kama kansa yana jin haushin kumatun. Kunya ta rufe shi. Shekara tara bai nemi gafarar mutumin nan ba, ga shi yana lissafin numfashinsa saboda shafi huɗu na babin ƙarshe. Ya kwanta da niyyar in ya tashi zai je masa ba biro.

Ciwon ciki ya tashe shi da wuri. Wandon da ya rataye a bayan ƙofa babu shi. Daga ɗakin baya kuma wata ƙara ke fitowa, wadda ya sani tun yana rarrafe.

Ya ɗaura tawul, ya bi bango.

Baba na zaune a kan keke, bayansa a miƙe, ƙafarsa na taka feda kamar ɗan shekara talatin. Wandon na ƙarƙashin allura. A jikin bango an ja lambobi da alli, kowace ta fi ta samanta ƙanƙanta.

“Karo na huɗu ke nan ina rage maka ƙugu,” in ji Baba, bai ɗago ba. Ya ciji zare. “Sakamakonka yayarka aka kira aka faɗa wa. Da mun ce maka kai ne mara lafiyar, da ka dawo gida?”