Iskar da Na'ura Ba Ta Gani

Tun da doka ta hana fara tiyata sai na'urar da ake maƙalawa a goshi ta shaida barcin majiyyaci, Sista Kubura ta kusa zama 'yar kallo, ita da ta shekara talatin tana sa marasa lafiya barci.

Ranar Laraba aka kwantar da Baba Sallau, tsohon maɗinki mai raunin zuciya. Kubura ta rage masa allurar barci, ta cike da iskar dariya, wadda ake shaƙa don sa barci. Numfashinsa ya daidaita, amma lambar da ke allon na'urar ta kafe a saba'in.

"Yana farke," in ji na'urar. "A ƙara allura."

"Sista, sai ta sauko sittin fa," Dakta Nafi'u ya ce.

"Likita, na'urar ba ta ganin wannan iskar. In na ƙara, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Ta ɗaga fatar idon tsohon, ta kira sunansa sau uku. Ko gezau.

"Bismillah, fara. A rubuta da sunana," ta ce wa likitan.

Aka gama lafiya. Bayan la'asar takardar dakatarwa ta iso mata, wai an yi wa mutum tiyata idonsa biyu. Baba Sallau kuwa yana kan gado, yana tambayar yaushe za a fara aikin.