Goyon Inna a Ƙarƙashin Teku

Tun da teku ta cinye maƙabartun Ikko, sai an ratsa ta cikin ƙaton bututun da ke lilo a ƙarƙashin ruwa, ɗaure da sarƙoƙi, kafin a sami ƙasar binne mutum. Dokarsa ɗaya ce: in igiyar ruwa ta sa sarƙoƙin kuka, duk kaya marar rai a bar wa teku.

Tanimu na tsakiyar hanya da gawar mahaifiyarsa sai sarƙoƙin suka fara kukan. 'Yan rakiya suka dire makara suka tsere. Ya ciccibi gawar, ya goya da zanenta.

Mai gadi ya tare shi. "Samari, me ka ɗauko?"

"Inna ce, Baba. Barci take."

Tsohon ya dubi likkafanin da ya leƙo. Daɓen bututun ya karkata.

"To yi sauri, ɗana, kada ta farka."