Ruwan Kyauta a Tecolote

Ranar Talata ce, zafi kamar bakin tanda, ko ƙaya ba ta motsi.

Marisol Ybarra, mataimakiyar sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ta tsaya a ƙofar gidan tsohuwa Nettie tana toshe hanci da hularta. Gawar Nettie ita ce ta uku a wata guda. Na farko Orval ne, mai gyaran famfo. Na biyu wani tsohon soja mai kiwon awaki. Duka tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai a bayan gari, duka rijiyoyinsu sun ƙafe tun bara. Likitan gunduma ya ce zafi ne da tsufa, ya koma birni.

Vernon Tackett, abokin aikinta da ya kusa ritaya, ya iso a makare kamar kullum. Tun ranar da aka yi gwanjon kayan tsohuwar mahaƙar zinariya yake tafiya dafe da ƙugu. Ƙyauren Nettie da Marisol ta sha fama da shi, Vernon ya ɗan ɗaga shi da ƙafa, ya buɗe.

Marisol ta nuna masa kajin Nettie, duk sun mace a bakin kwamin ruwa.

"Tsoho, su ma tsufan ne?"

 Ta tambaya ko ina matar take ajiye ruwanta. Vernon ya zagaya bayan rumfa, ya share yashi da takalmi, ya ɗaga murfin ƙarfe. Ramin a cike yake har baki. Fanshon Nettie ba zai sayi ruwan da zai cika rabinsa ba.

Mutanen Tecolote ba sa karɓar sadaka. Ka kai wa tsoho ruwa ido na ganin ido, sai ya raka ka da bindiga. Saboda haka tun da fari ya tsananta, wani yake zuba musu idan sun tafi coci ko karɓar fansho. Su dawo su tarar da ruwa, su sha, su yi shiru. Tambaya abin kunya ce ga mai bayarwa da mai karɓa.

Marisol ta ɗebi ruwan a kwalba ta aika birni. Ta kasa zama. Ta bi gida gida tana tambayar wa ke zubawa, kuma wa da wa ake zuba wa. Babu wanda ya yarda an taɓa zuba masa. Wani dattijo mai suna Dewey, ramin ruwansa a cike, ya ce mata ta tagar da ya ƙi buɗewa sosai, "Yarinya, a nan wanda ya shayar da kai ba ka neman sanin sunansa."

Ranar Juma'a bayan azahar aka bugo waya daga birni da sakamakon gwajin ruwan. Guba ce, irin wadda ake wanke zinariya da ita daga dutse. Vernon yana riƙe da kofin kofi. Ya ajiye shi a gefen teburi har ya kusa faɗuwa, ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Kafin faɗuwar rana labari ya iso mata. Vernon ya je gidan Dewey da wasu gidaje can cikin daji, waɗanda ita ba ta ma san akwai mutane a cikinsu ba. Ya garƙame ramukan ruwansu da kwaɗo, ya bar musu ruwan gora da ya saya a shago. Marisol ta ce a ranta, tsohon nan ya san ƙasar kamar yunwar cikinsa.

Sherif bai ɓata lokaci ba. Mutum ɗaya ne a garin da ke da motar ruwa, Anselmo, kuma an gan shi ya sayi tiyo a gwanjon mahaƙa. Aka kamo shi a gaban 'ya'yansa.

"Ni sayarwa nake yi," in ji Anselmo. "Ban taɓa ba kowa ko cokali ɗaya kyauta ba. Ku tambayi surukata."

Babu wanda ya yi dariya. A waje 'yan uwan Orval sun jera motocinsu, bindigogi a rataye bayan kujera. Sherif ya ce Litinin za a kai shi kotu a kan kisan kai. Vernon ya kai wa Anselmo wake da gurasar masara, ya daɗe tsaye a bakin kurkukun.

Asabar Marisol ta koma gidan Nettie. Ta durƙusa a bayan rumfa, inda iska ba ta share yashi ba. Sawun taya na nan, siriri, na ƙaramin keken da ake ja a bayan mota. Motar Anselmo tayoyinta sun ninka wannan faɗi.

Ta tarar da Vernon zaune a motar sintiri, inji a kashe, gilashi a rufe cikin wannan zafi. Ta gaya masa abin da ta gani. Ta ce ta gaya wa sherif, ya ce sawu ba ya rantsuwa a kotu. Ta ce idan ba su samo mai keken ba, Anselmo ba zai sake ganin 'ya'yansa ba.

"Mai kisa ne, ko wawa ne kawai?" Vernon ya tambaya.

"Nettie ba ta damu da bambancin ba, tsoho."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ta tafi gida ta huta.

Washegari, lokacin da ƙararrawar coci ke kaɗawa, Vernon ya yi aski, ya sa farar riga maimakon kaki. Ya buɗe rumbun bayan gidansa, ya ɗaura wa motarsa keken mai siraran tayoyi. A kansa akwai farin tankin da ya saya a gwanjon mahaƙa bayan tsohon nasa ya tsage, tankin da ya wanke da sabulu da hannunsa kafin ya cika ramin Orval. Ya ja shi ta tsakiyar gari har ƙofar ofis, ya ajiye bindigarsa a teburin Marisol, ya miƙa mata hannayensa biyu.